Sawun da Kaka ta kwasa

Ni ba mai yarda da camfi ba ne, duk unguwarmu an san ni da gardama. Amma wannan da idona na gan shi, mai son dariya ya yi.

Ina ɗan shekara goma sha shida aka sa ni cikin ekip ɗin samarin Tawa da za ta je buga ƙwallo Kwatano. Ni ina buga baya, abokina shi ne mai tsaron gida. Tare muka tashi, yana hannun kakarsa tun rasuwar uwarsa. Ana gobe tafiya antirenar, mai horar da mu, ya raba mana sababbin takalma iri ɗaya, har zanen ƙasansu ɗaya. Mu da muka saba bugawa ƙafa ba takalmi, wa zai cire?

A yankinmu na Adar kusan kowane gida yana da ɗa a ƙasar waje, don haka tsofaffi suna da abin da suke yi. In matafiyi ya fita, uwa takan duƙa bakin ƙofa ta kwashi ƙasar sawunsa, ta ƙulle a tsumma ta ɓoye. Wai muddin ƙullin yana nan, sai ƙafar ta dawo da mai ita. Inna ta kwashi nawa ina yi mata tsiya, sannan na biya wa abokina.

Shi ya fara fita daga gidansu, na bi bayansa, ƙafata ta sauka daidai kan sawunsa. Da muka kai kwana na waiga. Kaka ta duƙa tana kwasa da hannu biyu. Idonta ya yi rauni, takalman kuma ba a bambance su.

Na ce, "Kai, nawa ta kwasa. Koma ka sake takawa."

Ya bushe da dariya. "Kai da ba ka yarda da camfi ba? Wanda ya fita ai ba ya komawa. Ga mota can tana jiranmu, taho mu tafi."

Har Gaya ta bakin iyaka yana ta surutunsa, yana tsokanar direba. Muna haye gadar kogi ya yi tsit. A Kwatano in muka zauna muna kewar furar gida, sai ya dube mu kamar muna wani yare. Wata rana da tsakar rana ya tambaye ni, "Ƙofar gidanmu gabas take duba ko yamma?" Na ce masa ya daina iskanci. Wallahi ba wasa a fuskarsa.

Ni kuwa ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaure su da igiya ana ja, antirenar yana ta zagina a fili. Shi kuma bai taɓa tsaron gida irin na lokacin ba. Duk ƙwallon da aka bugo sai ta faɗa hannunsa, kuma ko murmushi ba ya yi. Na ji tsoronsa, abokina na ƙuruciya.

Wata safiya aka kai mu gudu bakin teku. Na cire safa ɗaya na bi shi a baya, da niyyar in kwashi sawunsa in kai wa Kaka. Na duƙa ke nan ruwa ya taho ya shafe shi. Na bi na gaba, haka. Na gaba ma haka. Ga nawa sawun a jere kusa da nasa, ruwan bai kai gare su ba. Ya juyo ya tarar da ni durƙushe da safa a hannu, ya ce a hankali, "Bari, kana wahalar da kanka."

Akwai wani mutum mai baƙin tabarau da ke zuwa kallon wasanmu, yana cewa yana da kulob a ƙetaren teku. Ya yi wa wasu magana, suka ce sai sun shawarci gida. Ranar komawarmu jakar abokina tana kan kujerarsa cikin mota, shi ba ya nan. Antirenar ya zaga gari, ya je wurin ƴan sanda, muka ƙara kwanaki. Haka muka taho da jaka ba mai ita.

Ni na kai wa Kaka jakar. Na tarar da ita bakin ƙofa da ƙullin a cinyarta, wata maƙwabciya tana gefe. Ba ta dubi jakar ba, ƙafafuna ta ƙura wa ido.

"Kai ka biyo bayanshi ranar nan?"

"Ni ne, Kaka."

Maƙwabciyar ta ce, "To zubar da shi mana, mi amfaninshi?"

Kaka ta matse ƙullin a ƙirjinta. "A'a. Wanga ma ɗan wani ne."

Yana hannunta har ta rasu. Jikanta bai zo jana'iza ba, ni na shiga kabari na karɓe ta.