Sunan da Ruhama Ba Ta Kira

Duk wanda ya zauna unguwar Zariya a Maraɗi ya san Momper Bo'az, ko da bai taɓa leƙa majami'ar Katolika ba. Dogo ne siriri, da tabarau mai ɗaurin zare a gefe guda, in yana tafe kansa a sunkuye sai ka rantse wani abu ya faɗi mishi a ƙasa. Momper ba sunan yanka ba ne, haka ake kiran limaman Katolika a ƙasar nan. Masu shayin bakin titi ma haka suke ce mishi, su ƙara da tsiya: "Momper, har yau ba a samu amaryar ba?" Sai ya yi murmushi ya wuce abinsa.

Mutumin Tibiri ne. Ubansa Amos malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma mai wa'azi a majami'ar 'yan Furotesta, uwarsa Ruhama mai ƙuli-ƙuli. Bo'az ne ɗansu na fari, kuma nan duk maganar take, don Kiristanci bai raba mutanen Tibiri da kunyar ɗan fari ba. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa. Ruhama ba ta kiran sunansa, ba ta dubansa ido cikin ido, ba ta yi mishi magana kai tsaye. "Wancan" take ce mishi. Da aka haifi ƙanwarsa Dorkas, sai ita ta zama bakin uwar: "Dorkas, kai wa wancan tuwo, kada ya ce an hana shi." Ko a zumuntar mata, in karatun Littafi Mai Tsarki ya biyo ta kan mai sunansa, sai Ruhama ta yi ɗan tari ta tsallake, mata su kwashe da dariya.

Kada wani ya ce ƙiyayya ce. Haba! Ƙulin da ya fi soyuwa nasa ne, ƙoƙon furarsa ya fi na kowa nono. Amma yaro ba ya cin ƙuli da kunne. Bo'az ya girma yana jin iyayen wasu na kwaɗa wa 'ya'yansu kira daga bakin zaure, shi kuwa ko zagi bai taɓa samu da sunansa ba.

Da ya shiga lakwal ɗin Katolika a Maraɗi, ya koma ɗarikarsu, har ya ce zai zama limami, ba aure ba haihuwa, Malam Amos ya yi faɗa kamar zai tsaga gari. Ruhama kuwa abin da ta ce kawai shi ne, "Dorkas, tambaye shi, a can ana ba su abinci su ƙoshi?" Uban ya huce kafin ya rasu. Uwar ta ci gaba da suyarta har hayaƙi ya cinye mata rabin gani.

Shekarun da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukan bakin iyaka, mutane suka yi ta kwararowa daga Najeriya da tabarmi a ka, aka tura Momper Bo'az raba hatsi da barguna. A ƙarƙashin wata bishiyar bedi ya tarar da tsohuwa zaune, ta ƙi abinci, tana ta kira: "Tanimu! Tanimu!" Ya durƙusa ya tambaye ta wane ne Tanimu.

"Ɗan farina ne," in ji ta. "Sun tafi da shi. Ban taɓa faɗin sunan ba sai yanzu da ba ya ji."

Ya kasa tashi daga durƙuson. Tun daga ranar zuciyarsa ta koma wurin mutanen da aka raba da gidajensu. In yana tsaye gaban bagadin majami'a, fuskokinsu yake gani. To, ana nan sai manyan majami'a suka yi cigiyar limamin da zai je gabashin Cadi, sansanin waɗanda yaƙin Sudan ya koro, aiki na shekaru ba na watanni ba. Ba su tilasta kowa ba. Sun ce wanda ya ji kira a ransa ya yi magana.

Shi kam ya ji wani abu, amma kira ne ko tausayi ne kawai, oho. Ya yi azumi, ya yi addu'a har gwiwoyinsa suka yi kanta, sama shiru. In ya ce zai tafi, sai ya ga Ruhama tana laluben bango za ta bayan ɗaki. In ya ce zai zauna, sai tsohuwar gindin bedi ta fara kira a kunnensa. Ya rame, abinci ya daina shiga.

Yana da aboki tun na lakwal, Maman Lawali, Musulmi, mai lambu a Jiratawa. Can yake gudu in kansa ya yi zafi. Ya same shi cikin fangalin albasa, wando a naɗe, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ya zauna bakin kwalbati ya zazzage mishi duka.

Maman Lawali ya miƙe ya dafa ƙugu. "Kai Momper, wallahi kana ba ni mamaki. Mutane na zuwa su faɗa maka zunubansu ta bayan labule, kai ka kasa tambayar tsohuwarka magana ɗaya? Je ka Tibiri. In ta ce zauna, ka zauna. In ta ce tafi, ka ɗauki jakarka."

Shawarar ta kwanta mishi. A kan hanyar komawa ya yi wa Ubangiji alkawari: in Inna ta ce mishi da bakinta, kai tsaye, ya zauna, to ba kira ba ne, in ba ta ce ba, zai tafi. Kai jama'a! Mutum mai karatu haka, ya rasa abin da zai sa ya zama alama sai abin da matar nan ba ta taɓa yi ba tun da ta haife shi.

Ya je Tibiri, ya iske Ruhama tsakar gida da hantsi tana ɓarar gyaɗa. Tana jin sallamarsa ta gyara zama, ta ba shi rabin baya. Dorkas, wadda ta dawo gida da 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, ta shimfiɗa mishi tabarma. Ya yi bayani dalla-dalla, yana duban Dorkas, uwar yake nufi: yaƙin, tantuna, nisan ƙasar, da cewa ba lalle ya riƙa zuwa gida ba.

Hannun Ruhama ya tsaya cikin ƙwaryar. Can ta ce, "Dorkas, tambaye shi, can ɗin suna cin gero?"

"Dawa suka fi ci, Inna," in ji shi.

"Dorkas, ce mishi dawa ba ta karɓar cikinsa tun yana ƙarami."

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya ja jiki ya zagayo gabanta, ya durƙusa daf da ƙwaryar. "Inna, ni nake tambayar ki, ba Dorkas ba. Ki ce mani in zauna, in zauna. Kalma ɗaya."

Tsohuwar ta ja gefen zane ta rufe fuska. Ta lalubi bango ta miƙe, gyaɗa ta watse, kaji suka yi caa a kai, ta shige ɗaki ta saki labule.

"Yaya, mi ka yi haka?" in ji Dorkas, ranta a ɓace. "So kake ta tsufa ta zubar da mutuncinta gaban jikoki?"

"To ke faɗa mani, mi take so?"

"Ni ma ba ta faɗa mani. Ta ce ita wace ce da za ta shiga tsakanin mutum da Ubangijinsa."

Ya jira bakin labulen har rana ta take tsaka. Ba ta fito ba. Ya koma Maraɗi, kuma da yake ya yi alkawari, washegari ya je ya ce wa manya ya amsa. Nan da nan abubuwa suka kankama. Aka sanar da mutanen Cadi, aka kawo wani matashin limami ya karɓi majami'ar Zariya har da ɗakin kwanansa. Ranar da ya je ban kwana, Ruhama ta aiko Dorkas daga ɗaki da ƙunshin ƙuli da garin gero, ta ce a ce wa wancan ya riƙa sa malfa.

Motar Yamai, inda zai hau jirgi, ta tashi da safe. Maman Lawali ya rako shi tasha, ya kasa tsokanarsa ko sau ɗaya. Hanyar kuwa ta Tibiri take bi. Suna fita gari salularsa ta yi ƙara. Dorkas ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yaya, kada ka yi magana. Saurara."

Ya ji takun ƙafa, ya ji motsin labule, sannan muryar uwarsa, a shaƙe, tana addu'a ita kaɗai a ɗaki.

"Ya Ubangiji, Bo'az. Ka bar mani Bo'az. Ni ban iya faɗa mishi, kai ka faɗa mishi. Bo'az nawa."

Ashe haka sunan yake a bakinta. Tana jan ƙarshensa kaɗan, irin na mai lallashin jariri. Tabaraunsa ya yi hazo.

"Kullum haka take yi in ta zaci ba kowa," Dorkas ta raɗa. "Tun muna yara. Na ji kunyar faɗa maka ne. Yau na kasa."

"Ba ta wayar. Don Allah, Dorkas, ba ta."

Aka yi 'yar hayaniya, sannan shiru. Yana jin numfashinta a kunnensa, kusa ƙwarai, kusancin da bai taɓa samu ba.

"Inna, ni ne. Na ji. Ki maimaita mani kawai, in sauka yanzun nan."

Ta tagar mota ga Tibiri ta iso: masu tallar mangwaro, 'yan kabu-kabu a inuwa, bakin lungun da ke zuwa gidansu. Direba ya rage gudu saboda tudun kan titi. Kalma ɗaya za ta sauke shi. Amma ya ba Ubangiji magana, ya ba mutane magana, wasu na can cikin tantuna an ce musu yana tafe. Ya riƙe kujerar gabansa, bakinsa a buɗe, yana jiran ta.

Numfashin ya yi nisa da wayar. Ya ji ta ce, a hankali, "Dorkas, ce wa wancan Allah ya kiyaye hanya."

Layin ya yanke. Motar ta haye tudun, ta ɗauki gudu, lungun ya wuce. Mutumin da ke kusa da shi ya ga limami da salula a kunne, hawaye na bin gemunsa, yana amsa wa wayar da ba kowa a cikinta.

"Na'am, Inna," yake cewa. "Na'am."