Launin Fuskar Ni'imatu

Arzika mai hoto ya buɗe shagonsa a bakin titin Sakkwato da ke Tambuwal tun zamanin da kuɗin fetur suka fara shigowa, lokacin da kowane ma'aikaci ke son a ɗauke shi jingine da sabon babur. Hoton baƙi da fari yake ɗauka, sannan ya bi da ɗan buroshi ya shafa wa hula ja, riga shuɗi. Da zamani ya juya, hannunsa kuma ya fara rawa, sai ya sayar da bijiminsa ya sayo kwamfuta ta hannu mai siririn allo.

A shekarar ce 'yarsa Ni'imatu, da ke aure a Kebbe, ta rasu bayan zazzaɓin kwana uku. Bayan sadakar arba'in mijinta Almu ya zo da wani ɗan hoton katin asibiti, duk ya koɗe.

"Baba, wanga kaɗai munka samu. A gyara shi, yara su san fuskar uwarsu."

Arzika ya zazzage akwatunansa kaf. Rabin garin na ciki, amma Ni'imatu babu, sai guda ɗaya tana goye. Kullum ta roƙa ya ɗauke ta hoto, sai ya ce ta bari sai da Salla.

Ya shigar da hoton katin cikin kwamfuta ya duƙufa. Ni'imatu baƙa ce mai sheƙi, amma a allon sai kumatunta suka rabu layi-layi kamar kunyoyin gona. In ya sunkuya ta yi duhu, in ya miƙe ta yi fari fat. Ya kira Ɗangiwa mai gyaran kwamfuta.

"Baba Arzika, ba laifin hannunka ba ne," in ji Ɗangiwa. "Allo iri-iri ne. Naka na masu buga takarda ne. Ja da kore da shuɗi, kowane hawa sittin da fuɗu kawai yake iya nunawa daga duhu zuwa haske. Mai kyau yana nuna ɗari biyu da hamsin da shida, kuma ko ta gefe ka duba, launi ba ya juyawa."

Ɗangiwa ya kai shi wani shago a Sakkwato inda ake da irin wannan allon. Nan fuskar ta fito sumul. Ma'aikacin ya ce, "To Baba, faɗa mini, in ƙara duhu ko in rage?"

Arzika ya ƙura wa allon ido. Ya ce a ƙara. Ya ce a rage. Har aka kira la'asar bai tsayar da magana ba, domin launin 'yarsa ya kuɓuce masa. Ƙarshe aka wanke masa iri biyar ya taho da su.

Matarsa Kaltume ta jera su a tabarma, ta daɗe tana dubawa.

"Duk kyawawa ne, Malam. Amma babu ɗiyata a ciki."

Washegari ya hau babur ya bi hanyar Kebbe mai gargada, ya mayar wa Almu koɗaɗɗen hoton yadda yake. Ya ce yaran su riƙa tambayar kakarsu kamannin uwarsu, ita ta fi shi riƙewa.

Bai sake kunna kwamfutar ba. Da damina ta sauka ya miƙa wa Ɗangiwa mabuɗin shagon, ya koma noman dawa a gonar ƙaninsa da ke Jabo.