Gwajin da Ba Ya Faɗuwa

Shekara tara Anti Ja ta yi a ɗakin gwaji, shida daga ciki teburina na manne da nata. Ni gyaran kwamfutoci ne nawa, ba ruwana da gwaji, amma kunne ba ya da ƙofa a ɗaki marar taga mai tebur takwas. Aikinsu rubuta gwaje-gwajen da ke duba manhajar asibiti da kansu: in lafiya allo ya nuna kore, in da matsala ya nuna ja. Ita jan ta fi yarda da shi, shi ya sa sunan ya bi ta.

Mijinta da 'ya'yanta uku suna wani gari, tafiyar awa biyar, kuma kamfaninmu na da reshe a can. Duk shekara sai ta nemi canji, duk shekara Oga ya ce, "Anti, ki ba ni wanda zai riƙe ɗakin nan, ki sa hannu da kanki, gobe ki tafi."

Sai ta duƙufa koyar da sababbin ma'aikata. Makon farko ba mai taɓa kwamfuta. Takarda da biro take raba musu ta ce, "An kawo jariri, shekarunsa sifili. Me manhaja za ta yi?" Su yi ta zare ido. Sun zo da shaidar sun iya kayan aiki kala-kala, ga shi ana tambayarsu jariri. Abin haushin, duk wanda ya gane karatun, kafin shekara wani kamfani ya yi wuf da shi.

Bana aka samu wani sabon ma'aikaci, Dogo. Hannunsa kamar walƙiya, cikin sati uku ya rubuta gwaji ɗari biyu, duk kore shar. Oga ya washe baki, ya aiko da takardar canji. Sa hannunta kawai ya rage, har ta buga waya gida ta yi albishir, yara suka fara gyara mata ɗaki.

Amma tana da wata al'ada: ba ta yarda da gwaji sai ta ga ya faɗi. Da safen ranar da za ta sa hannu ta shiga kwafin manhajar ta lalata shi da gangan, ta sa ya riƙa auna wa jariri maganin babba. Sannan ta kunna gwajin Dogo, ta naɗe hannu tana jiran ja.

Ɗari biyun nan suka fito kore.

"Dogo, me gwajinka yake tambayar manhaja?"

"Anti, ai yana buɗe shafi, ya danna maɓalli, ya wuce."

"Amsar da ta fito fa, wa ya duba ta?"

Ya hau sosa ƙeya.

Wallahi raina ya ɓaci, ba da Dogo ba, da ita. Na matso na ce, "Anti, don Allah sa hannu ki tafi. Ba wanda ya gani sai mu. Zai koya a bayanki."

"A kan ɗan wa zai koya?" ta ce, ba ta ko kalle ni ba.

Ta daɗe riƙe da takardar. Sannan ta ba masinja ya mayar wa Oga yadda ta zo. Ta ɗauki waya ta fita baranda, ƙofar ba ta rufu sosai ba. Na ji muryarta, tana ƙoƙarin sa dariya a ciki.

"Auta, ni ce. A'a, ku bar gyaran ɗakin nan tukuna."