Fanka Tana Juyawa, Gilashi Baƙi

Ban yi boko ba. Dako na yi a tashar Gwandu har bayana ya ƙi, na koma noman albasa a fadama. Ɗana na fari shi ya yi karatu. Ya gama, ya zauna ba aiki. Abokansa sun tafi haƙar zinari. Wasu sun dawo da babur, ɗaya gawarsa aka kawo. Shi ma ya fara zancen tafiya.

Kwamfuta ce ta riƙe shi. Wana yana da shagon kayan masarufi a Kalgo, bakin hanyar da ɗalibai ke bi. Ya ce idan yaron ya samo na'ura, zai ba shi kusurwa ɗaya ya riƙa buga wa ɗalibai takardu. Sabuwa ta fi ƙarfinmu, sai ya riƙa sayen kayanta ɗaya-ɗaya duk sanda aka sayar da albasa, yana ajiyewa cikin kwallar uwarsa. Da suka cika, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya haɗa ta da hannunsa.

Ya so ya gwada ta a gida. Ba mu da wuta, ya ce zai kai ta wurin mai cajin waya. Wana ya aiko da cewa a'a. Abin neman abinci ba a fara taɓa shi sai an yi addu'a, kuma a wurin da zai zauna.

"Baba, ko sau ɗaya in kunna in gani," in ji shi.

Na ce, "Baffanka ya yi magana."

Muka naɗe ta da bargo, ya rungume ta a bayan babur har Kalgo. Wana ya tara mutane: limamin unguwa, masu shagunan gefe, da wani dillali abokinsa mai yawan baki. Aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino, aka tayar da janareta. Yaron ya yi bismilla ya danna.

Fankar cikin na'urar ta juya. Wata 'yar fitila ta kama. Gilashin da rubutu ke fitowa a kansa kuwa baƙi ƙirin.

Aka tsaya ana jira. Ya kashe, ya sake kunnawa. Ya zare wayar da ke bayan gilashin, ya hura, ya mayar. Ba abin da ya fito.

Dillalin ya ce, "Alhaji, ai ko haka an samu riba. Ga fanka, zafi ya ƙare a shagon ga."

Aka yi dariya, har liman ya sunkuyar da kai. Aka aro gilashi daga wani shago, shi ma ya ƙi. Yaron ya buɗe cikinta, ya cire wasu 'yan sanduna biyu masu kama da mataji, ya goge, ya mayar da ɗaya, ya gwada, ya musanya da ɗayar. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Mutane suka fara zamewa, kowa da goronsa a aljihu.

Wana ya dube ni, ba shi ba. "Wannan ne injiniyan naka? Ka sa na tara dattawa su zo kallon fanka?"

Yaron ya ce, "Baffa, a ba ni lokaci kaɗan. Tana da rai. Wani abu ne ƙarami."

Wana ya ce, "Mai nawa ka ƙone min? Kashe min janareta."

Yaron ya ɗago ya kalle ni. A wurinmu uba ba ya shigar wa ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ya kamawa, balle gaban wansa. Haka aka yi mini, haka aka yi wa ubana. Na kalli takalmina. Da maƙwabci ne aka ci wa mutunci haka, da na yi magana.

Muka sake naɗe ta da bargo. Muka dawo da ita Gwandu.

Bai bar ta ba. Kullum da hantsi yana wurin mai cajin waya, an ba shi gefen benci. Nakan biyo ta wurin daga fadama in tsaya nesa. Ya cire wani ƙaramin batir kamar kwabo, ya jira, ya mayar. Ya zare duk abin da za a iya zarewa. Daga ƙarshe ya kwance babban faifan da komai ke hawa kansa, ya fito da shi daga akwatin, ya ɗora a kan kwali, ya kunna shi a haka tsirara.

Gilashin ya kawo haske. Rubutu ya fito, fari a kan baƙi.

Ya yafito ni. Ya nuna mini wani ɗan noti na tagulla a gindin akwatin, bai kai ƙwayar masara ba. Ya ce ya ɗaura shi inda faifan ba shi da rami, shi ke taɓa faifan ta ƙasa.

"Da na kunna ta a gida, da ranar zan gano," in ji shi. Bai ɗaga murya ba.

Washegari na hau mota ni kaɗai zuwa Kalgo. Tun daga bakin titi na hango kusurwar. An kafa tebur, wani mutum yana zaune da tasa na'urar, ɗalibai sun yi layi. Ƙanen dillalin ne.

Na gaida wana, na ce, "Yaya, abin ya tashi."

Ya ce, "Madalla. Amma ka ga wuri ba ya jira. Abin da ya ƙi ranar addu'a, ni ba na sake shigo da shi." Ya sa aka kawo mini lemo. Ban sha ba.

Da na dawo na tarar da yaron a zaure, ya mayar da komai cikin akwati ya ɗaure. Ya dubi fuskata, ya gane. Ya shiga wurin uwarsa, na ji yana ce mata ta wanke masa kaya kala biyu, ta soya masa ƙuli. Ta fara kuka, ya ce ta yi haƙuri.

Ranar kasuwa na raka shi tasha. Motar masu haƙar zinari ta cika, ya samu wuri a baya kan buhuna. Na ce Allah ya tsare. Ya ce amin, yana kallon gaba.