Jarfa a Damtsen Dama

Mu uku ne a ɗakin ran nan, sai wadda muka taru dominta. Akwai ni, mai wankan gawar mata a unguwarmu ta Tambuwal tun gashina bai yi fari ba. Akwai mai zuba mini ruwa, wata mutuniyar Kebbe da aure ya kawo ta makwabtanmu, mun daɗe muna wannan aiki tare. Sai ƙawar marigayiyar, wadda ta rako gawar a mota daga Sakkwato. Ni na kira ta ciki don ta kama mana wurin juyawa, tunda ƙarfina ya ragu. Uwar tana ɗakin da ke kallon namu, mata sun kewaye ta. Uban yana ƙofar gida da liman da sauran maza, suna jiran mu gama.

Yarinyar jikar ƙanwata ce, uwarta kuwa a bayana ta yi wayo. Koyon ɗinki ya kai ta birni, zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin labarin ciwon ya gama zagaya dangi sai ga na rasuwa.

Aikinmu yana da ƙa'ida, kuma tsohuwar da ta koya mini ba ta maimaita magana. Abin da idonki ya gani a jikin mamaci, a ɗakin yake ƙarewa. Na ga tabon duka, na ga ciwon da aka ɓoye wa miji da 'ya'ya, ban taɓa fita da ko ɗaya ba. Wannan ma da ba zan faɗe shi ba, sai don uwar ta riga mu gidan gaskiya, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Matan da za su karɓi aikin bayana za su gamu da irinsa, gara su ji daga bakina.

Mun lulluɓe ta da zane, na naɗe tsumma a hannu, na tsefe mata kitso. Da na zo damtsenta na dama sai na ga baƙin zane. Ban damu ba. Adon 'yan mata ya sha sauyawa a gabana. Mu lalle muka sani, a kwaɓa shi a ƙunsa a ƙafa a kwana da shi. Aka zo aka koma matsa shi ta bakin leda ana fidda fulawa, aka zo dayis mai baƙi, daga baya har da wanda ake saye a kasuwa a manna a fata kamar takarda. Na ɗauka na mannawar ne. Duk abin da zai tsaya tsakanin ruwa da fata cire shi nake yi, ko jan farce ne sai na kankare. Na sa farce a gefensa in ɓamɓare, ban sami baki ba. Na sa sabulu na cuɗa. Mai zuba ruwa ta ce a gwada lemun tsami, ta leƙa ta karɓo, muka matsa muka goga. Gawa ba a yi mata da ƙarfi, amma ran nan na goga har tsumman ya fara zarewa, zanen yana nan yadda yake.

Sai ƙawar ta riƙe mini hannu. Yarinya ce mai kunya, tun da ta shigo ba ta ɗaga kai ba.

"Inna, ki bari. Ba shi fita. Cikin fata yake."

Na tambaye ta wane wanzami ne ya yi wannan. Ta ce ba wanzami ba ne, wata mata ce a wani shagon kwalliya, tana da na'ura kamar alƙalami mai allura a baki, ana cajinta kamar waya. In an kunna tana ƙugi kamar sauro a kunne, allurar tana shiga tana fita da tawada. Ta ce yawanci gira ake zuwa yi, wasu leɓe, wasu kuma su nuna hoto a waya a zana masu. Jini ma ba ya zuba sosai, in ji ta.

Na ce a ɗaga labulen taga kaɗan. Na sunkuya na duba da kyau. Layi uku ne a jere, da ɗigo-ɗigo a ƙarƙashi, sirara kamar gashi, hannun mutum da aska ba ya fidda irinsu. Amma layin tsakiya ya karkace a wajen ƙarshe.

Na san wannan karkacewa, a wuyana take. A Jabo aka yi mana jarfa muna 'yan mata, ni da ƙanwata, rana ɗaya, a zauren wani wanzami. Da aska yake tsagawa, ya shafa baƙin tukunya, ka tafi wuya ya kumbura. Ƙanwata ta daure, nata ya fita sumul. Ni na zabura da askar ta shiga, layin ya kauce, aka yi ta yi mini dariya har na yi aure.

Da babbar sallar da ta wuce marigayiyar ta zo gaishe ni. Ta same ni ina tankaɗe, mayafi ya zame. Ta tsuguna tana kallon wuyana, tana tsokanata wai tsohuwa ashe an yi gayu, wai su waye suka sha wahala a kaina. Ta ce irin na kakarta ne, tana tuna shi tun tana goye. Ta fiddo waya, na daka mata tsawa na ja mayafina, na ce wuyana ba abin kallo ba ne. Ashe ta riga ni, ta ɗauki hoton. Ƙawar ta ce wannan hoton ta kai shagon, mai na'urar ta so ta miƙe layin, ita ta ce a bar shi yadda yake.

Ban yi kuka ba, ba a kuka a kan aiki. Mai zuba ruwa ce ta fara salati, ta ce ta ji malamai suna faɗa a rediyo cewa wannan abu tsinanne ne, ta yaya za a sallaci yarinya da shi, ko a faɗa wa liman. Na dube ta. Ita kanta akwai jarfa a goshinta da gefen bakinta, irin ta mutanen wajen Fakku.

"Ke fa, wa ag goge maki taki kafin ki yi alwalar asuba?" na ce. "Zuba ruwa."

Ta ce nasu na gado ne, an yi masu ba su san komai ba, wagga kuwa da ƙafarta ta je. Na ce hukunci ba namu ba ne, ruwa ya taɓa fata, wanka ya yi. Na tuna mata ƙa'ida, ta ce ta ji. Muka yi mata alwala, muka wanke dama muka wanke hagu da ruwan magarya, na ƙarshe da kafur. Na sa mata likkafani da hannuna, na ɗaure. Maza suka shigo da makara.

Da na fito uwar ta kama gefen zanena, ta tambaye ni ko lafiya ta ga an karɓi lemun tsami. Na ce mata ɗiyarta ta tafi da tsabta. Ba ƙarya na yi ba.

Washegari da hantsi na bi ta gidan mai zuba ruwa. Na tarar da ita a tsakar gida da surukarta da wasu mata biyu na unguwa, suna sussuka. Ina yin sallama hirar ta mutu, ɗaya ta sunkuyar da kai tana tsintar abin da babu a tabarma. Na daɗe a duniya, ba sai an gaya mini ba. Ban zauna ba. Na ce ta miƙo mini ƙwaryar wanka da ke ajiye a ɗakinta, ta miƙo ba ta dube ni ba. Daga ranar ba ta ƙara zuba mini ruwa ba.

Na san kafin azahar maganar za ta isa gidan makoki, kuma za ta isa da ƙari, a ce sunan wani namiji ne ko abin da ya fi haka muni. Na wuce can kai tsaye. Na sallami matan da ke ɗakin, na ce ina da magana da ɗiyata. Na zauna kusa da uwar a bakin gado, na karya ƙa'idar da na riƙe duk rayuwata. Na gaya mata abin da na gani, da inda aka yi shi, da wuyan da aka kwaikwayo. Na ce duk wanda ya kawo mata wani zance daban, ta turo shi gare ni.

 Sai ta ce, "Inna, wane hannu?"

Na ce na dama. Ta kai hannu ta dafe nata damtsen, ta riƙe. Na zauna da ita a haka har aka fara sallama a ƙofa, masu gaisuwa sun iso, na tashi na ɗaga masu labule.