Yatsun Baba da Injin Sakkwato

Babana ya yi aikin buga takardu da tafireta a wani biro, wato ofis, a Tawa tun kafin a haife ni har ya yi ritaya. Da yatsu goma yake bugawa, idonsa a kan takarda ko a kan wanda ke masa magana. Da ciwon ido ya cinye ganinsa bai tayar da hankali ba. Cewa ya yi dama ba da ido yake rubutu ba, kuma yanzu ya sami lokacin rubuta yadda kakanninmu suka taso daga Barmu.

Ƙanena, mai kai albasa Najeriya, ya sayo masa kwamfuta a Sakkwato. Mutum ne mai kirki da gaggawa, irin wanda zai saya maka takalmi bai tambayi ƙafarka ba. Baba ya zauna ya buga shafi guda, ya ce a karanto masa. Ƙanena ya duba, ya rasa ta inda zai fara. Inda Baba ya nufi Barmou, yadda ake rubuta Barmu da Faransanci, abin da ya fito shi ne Bqr;ou, sauran shafin duk haka. Suka sake gwadawa, ba ta canza ba. Baba ya sa aka rufe injin da zane aka ɗora a kan sif.

Ni ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a cikin gari, amma ba wanda ya ga dacewar gaya mini. Sai da na je gaisuwar Juma'a na same shi a zaure ya rame, hannuwansa a cikin aljihun riga.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa na ci, "ido ya tahi ban yi kuka ba. Yanzu hannuwan ma sun manta ni. Mi ya rage?"

Raina ya ɓaci, na kuma ji tausayinsa. Na sauko da injin, kallo ɗaya na yi masa na gane. Jerin haruffansa na Ingilishi ne, yatsun Baba kuwa a kan jerin Faransanci suka girma. Na yi masa bayani yadda nake yi wa ɗalibaina. Maɓalli bai san harafin da aka zana a bayansa ba. Lambar mazauninsa kawai yake aikawa ciki, tsarin da ke tafiyar da injin shi ke duba lambar ya ce wannan A ce ko Q. Kamar rumfar kasuwa ne, tana nan inda take, ko albasa aka kasa a ciki ko kanwa.

"To ki ce mishi ya kasa nawa kaya," in ji Baba. Bai yi dariya ba.

Na shiga saitin na mayar da shi Faransanci, na ɗora hannuwansa a kai. Ya shafa ya nemo layin tsakiya, ya ɗan tsaya, sannan ya fara. Ƙarar da na taso da ita ce, sai dai babu ƙararrawar ƙarshen layi. Ya buga sakin layi guda ya janye hannu.

"Karanto."

Na karanta masa tun daga rijiyar Barmu har inda ya tsaya.

"Kada ki gyara mini da baki."

"Wallahi Baba ko ɗigo ban ƙara ba."

Ƙanena ya leƙo ta kafaɗata ya danna Q, sai A ta fito. Ya ce ai yanzu haruffan sun zama ƙarya, bari ya samo ƴan takardu a manna a kan kowane maɓalli.

Baba ya riga ya mayar da yatsunsa kan layin tsakiya.

"Bar su yadda suke," ya ce. "Wagga wahala taku ta, ku masu dubawa. Ku ba ni wuri, ban kai ga kakanku ba."