Mai Adaka da Waken Iri

A gidanmu na Ƙofar Marke, da an ci tuwon magariba muke kewaye murhun kakarmu Inna Hure. Tana da tatsuniyoyi masu daɗi, amma akwai labari guda da ba ta farawa sai ta taɓe baki ta tofar da yawu gefe.

Labarin wani mutum ne da ya sami aikin wanki a barikin Nasara lokacin ba su daɗe da shigowa Sakkwato ba, ya dawo gida da tsohuwar adakar ƙarfe da aka jefar. Ya tarar matarsa tana gyaran waken iri, tana cuɗa shi da toka da dakakken barkono, tana shimfiɗa ganyen bunsurun fadama a tukunya, wanda warinsa ke korar ƙwari.

"Sai sakaran yat toshe hanci," in ji Inna, "yac ce wanga ƙauyanci ne, Nasara ba su aje abinci da haki. Shi da bai taɓa ganin waken Nasara ba! Wando yaka wanke musu."

Matar ta roƙe shi, ya ƙi. Ya sheƙe waken tas, ya zuba a adaka, ya rataya mabuɗin a wuya. Da ruwan farko ya sauka aka buɗe, ƙwari suka yi ta fitowa, kowace ƙwayar wake da huda, ƙasan adaka duk gari. Maƙwabta suna shuka, su ba iri.

Ya aiki matar gidan uwarta roƙo. Tsohuwar ta ce mai mabuɗi ya zo da ƙafarsa. Ya zo, ta ajiye masa turmi da barkono a gaban mata, ya daka yana atishawa da hawaye, sannan ta ba shi iri.

"Ko kunya ba ta kashe shi ba," Inna takan ce, mu kuwa mu yi ta dariya.

Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini cewa mutumin kakana ne, matar kuwa Inna ce da kanta. Na daɗe ina juya wannan. Asarar wake kowa kan yi, ba ita ta dame ta ba. Ta san abu, ta faɗa, ya raina ta don ya shiga bariki. Har ta mutu ba ta taɓa ba shi suna a labarin ba.